Buhun da Wilfred Ya Mayar

Wilfred ya san abin da ke kashe mutanen Tudun Ɗinya, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ba jahili ba ne balle a ce rashin sani ya ja shi. Jami'in lafiya ne mai ofis a Kafanchan, kuma mutanen da ke mutuwar su suka goya shi yana jariri. Takardar da ke ɗauke da gaskiya ta yi kwana ashirin da uku a cikin durowar teburinsa. Kullum da safe ya zo ya zauna a gabanta, ya sha shayinsa, da yamma ya murɗa makulli ya tafi gida.

Ƙanwarsa Faustina ce ta fara ganewa, kuma buhun garin kwaki ne ya tona shi.

Ranar tana tsaye a bakin ruwa bayan an tashi daga makarantar firamaren da take koyarwa. Lawal mai kwalekwale ya kashe inji, ya taka cikin ruwa, ya sauke buhu a gabanta. Ɗaurin bakinsa na mahaifiyarta ne, ba a ko kwance ba.

"Malama, ga kayanku sun dawo."

"Ba ka same shi ba ne?"

"Na same shi, har hannu muka yi. Ya ce in mayar wa Mama, wai yanzu gari yana ɓata masa ciki." Lawal ya goge hannu a jikin rigarsa yana murmushin da bai kai zuci ba. "Sama da shekara goma ina kai masa garin nan, tun ana bi ta ƙasa. Mutumin da ke kwance buhu tun a bakin mota ya cika baki, yau shi ne ba ya so a shigar masa da shi ko zaure. Da ƙafa ya nuna mini inda zan ɗauka."

Faustina ta ɗora buhun a ka ta hau tudu, kalmar nan ta ƙafa tana yi mata nauyi fiye da kayan.

Tudun Ɗinya ba gari ba ne da wani ya zaɓa. Shekara biyu da suka wuce aka datse kogi domin samar da lantarki, ruwa ya haɗiye Kwarin Ɗinya da fadamarsa da makabartarsa da rumbunansa. Aka kwaso mutane aka jera su a kan dutse, cikin gidajen bulo masu kama ɗaya. Babu rumbu ko guda. Ɗan kwangila ya ce ba ya cikin zane, kuma yumɓun da ake gina rumbu da shi yana can ƙarƙashin ruwa. Dole masara da acca da dawa suka koma ɗakin kwana, buhu a kan buhu, dab da katifa.

Ruwa ya kewaye tudun ta gefe uku. Gefe na huɗu wata 'yar hanya ce a kwari, wadda ke nutsewa duk ranar da masu dam suka rufe ƙofofinsu.

Kuma ba mutane kaɗai suka hau tudun ba. Duk ɓeran da ke rayuwa a fadama ya gudo ya biyo su. Manyan itatuwan da mujiya ke zama ta ci ɓera an sare su kafin a tara ruwan. Kuliyoyi sun ci har sun gaji, sai su kwanta suna kallon ɓera yana wucewa. In mata suka shanya gari a falalen dutsen bayan coci, kafin su juya baya an yi masa ado da baƙin kashi kamar ƙwayar shinkafa. Sai a tankaɗe, a ɗure a buhu.

Wata matar aure, Bridget, ce ta fara rasuwa, da cikin wata bakwai. Aka ce taifod. Bayan mako uku Samson mai kaɗa gangar coci ya bi ta. Aka ce taifod ne da maleriya. A tsakanin nan ne Wilfred ya zo da wasu baƙi biyu masu safar hannu, suka ɗana tarkuna a ɗakuna, suka tafi da ɓeraye a cikin akwatin ƙanƙara. Daga nan babu wanda ya sake jin komai.

Mahaifiyarsu, Mama Lai'atu, tana zaune a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa lokacin da buhun ya iso. Ta dubi ɗaurin, ta dubi 'yarta. Duk uwa a ƙasar nan tana aika wa ɗanta na birni garin farko na shekara, kuma ɗa ba ya mayar da abincin uwarsa sai in ya yanke ta.

"Ajiye shi can ciki," in ji ta. "Ni ba ya ɓata mini ciki."

* * *

Ran Juma'a Faustina ta tsallaka ruwa, ta hau babur zuwa titi, ta shiga mota zuwa Kafanchan. Ta tarar da yayanta shi kaɗai a ofis, fanka tana juyawa a kansa.

"Broda, me ka gani a jikin ɓerayen nan?"

"Ba gaisuwa, Faustina?"

"Ina wuni. Me ka gani?"

Ya tashi ya tura ƙofa. Da ya dawo bai zauna ba, ya dafa tebur daidai saman durowar.

"Lassa ce," ya ce da ƙaramar murya. "Cikin ɓera ashirin, bakwai suna ɗauke da ita. A fitsarinsu take, da kashinsu. In sun taɓa abincin da ba za a dafa ba, shi ke nan. In mutum ya kamu, jininsa da amansa ma suna ba wani. Har gawarsa."

Faustina ta tuna yadda matan zumuntar coci suka wanke gawar Bridget hannu tsirara suna waƙa.

"To me kake jira?"

"Ran ashirin ga wata za a buɗe dam. Manya za su zo daga Abuja, har da Turawan da suka kawo injin. Oga ya ce ripot ɗin gwajin nan ya kwanta sai an gama biki. In aka ji kalmar Lassa a bakin dam, ba mai zuwa. Ya ce wanda ya buɗe baki ya nemi wani aiki." Ya share goshinsa. "Kwana goma sha ɗaya ne kawai. Washegari da kaina zan kawo mota da magani."

"Ɓera ya san da ran ashirin?"

"Kar ki yi mini malanta, ni ba ɗan ajinki ba ne! Kina tsammani ina barci? Yara huɗu gare ni. Shekara biyu ya rage in kai matsayin da nake nema tun kina sakandare. Ni na kai ki makarantar nan da kike tsaye kina yi mini tambaya da ita."

Gaskiya ya faɗa, kuma ya san inda gaskiyar za ta soke ta. Tun rasuwar mahaifinsu shi ne uba. Bai taɓa goranta mata ba sai yau.

Ya jawo leda daga ƙarƙashin tebur. Safar hannu ce kwali guda, da kwalbar bilic mai kashe ƙwayoyin cuta.

"Ki ɗauko Mama ki kawo ta gidana. Kar ta sha garin nan. Sauran mutane ki ce musu su riƙa rufe abinci, amma kar sunan cutar ya fito daga bakinki. Ki yi mini alkawari."

"Broda..."

"Faustina, in na faɗi, duk gidanmu ya faɗi. Ki yi alkawari."

Ta yi. Wannan kuma laifinta ne, ba za a ɗauke mata shi ba.

* * *

Mama Lai'atu ta ƙi tafiya.

"Gidan da garina bai shiga ba, ni zan shiga?"

"Mama, shi ya ce in kawo ki."

"Ya zo ya faɗa da bakinsa. Yana da ƙafa, ai da ita ya nuna wa Lawal buhu."

Ashe Lawal bai iya riƙe bakinsa ba. Faustina ta shiga ɗaki ta ɗaga buhun, ta ji ya yi sauƙi. Tun ranar da ya dawo tsohuwar take jiƙa shi da ruwan sanyi kullum da rana, ta watsa gyaɗa, ta zauna a ƙofa ta sha inda kowa zai gani. Ba yunwa ke sa ta ba. So take gari ya san abincinta ba shi da aibu.

"Ɓeraye sun taɓa shi, Mama. Bari in zubar."

"Yaushe ɓera ya zama baƙo a gidan nan? Na tankaɗe sau biyu. Ajiye mini abuna."

Kalma ɗaya ce za ta raba gardamar, kuma kalmar tana kan harshenta. Amma in Mama ta ji, shugabar zumunta ta ji, in ta ji kuma gari ya ji, kafin rana ta faɗi maganar ta isa Kafanchan. Faustina ta haɗiye. Ta jira har tsohuwar ta tafi coci, ta kai buhun bayan dutse ta cinna masa wuta. Ta yi latti da mako guda.

A aji tana koya wa yara su rufe tukunya, su wanke hannu. Yara suna amsawa da ƙarfi, su koma gida su kwanta kusa da buhunan masara. Ta ce wa mata su daina shanya a falale, suka tambaye ta ina za su shanya, a kan ruwa? Tana ƙirga kwanaki kamar fursuna. Saura takwas. Saura shida.

Saura huɗu zazzaɓi ya kama Mama Lai'atu. Ta ce maƙogwaronta kamar an zuba barkono. Faustina ta kira yayanta.

"Ki ba ta farasitamol da ruwa da yawa. Ƙila maleriya ce."

"Broda, ka san ba maleriya ba ce."

"In kin kawo ta asibiti yanzu za su ɗebi jini, magana ta fita. Kwana huɗu, Faustina. Mama tana da ƙarfi."

Ta sa safar hannu ta shiga ta goge wa uwarta jiki. Tsohuwar ta buɗe ido, ta dubi farar robar da ke shafa goshinta. Ta daɗe tana kallo.

"Ke ma?" ta ce.

Faustina ta fita bayan ɗaki ta yi kukan da ba ya ƙara.

Saura kwana biyu ta yanke shawara za ta kai ta asibiti ko Wilfred ya so ko ya ƙi. Ta nemo mai babur mai ƙafa uku, suka gangara, suka tarar babu hanya. An rufe ƙofofin dam domin tafkin ya cika ya yi kyau a hoto. Ruwa ya kwanta shuɗi a inda hanya take, kan wata alamar titi kaɗai ke leƙowa. Ta kira Lawal. Ya ce jami'an tsaro sun ɗaure duk kwalekwale a wancan gefen, an hana kowa shiga ruwa sai manya sun tafi.

"Wallahi Malama, har injina sun cire sun kulle a ofishinsu. Na roƙe su, na ce akwai mara lafiya. Suka ce umarni ne daga sama."

Ta tsaya a bakin ruwan tana hango tsallake. Ga rumfuna farare ana kafawa, ga mutane ƙanana kamar tururuwa suna jera kujeru. Tafiyar minti ashirin ce a kwalekwale.

* * *

Ran ashirin ga wata, da hantsi, jini ya fara fitowa daga dasashin Mama Lai'atu. Fuskarta ta kumbura, kunnenta ya daina ji sosai. Faustina ta kira Wilfred sau goma sha huɗu. Wayarsa a kashe. Yana cikin rumfa a layi na uku, da sabuwar riga.

Iska tana kawo sautin bikin ta kan ruwa, ganguna da lasifika da tafi. Wajen ƙarfe biyu aka ji wata doguwar jiniya, alamar an kunna injin. Manyan wayoyin da suka ratsa ta saman Tudun Ɗinya suka fara ɗaukar wuta zuwa birane. Ƙauyen kansa ba a ja masa ko waya ɗaya ba.

Tsohuwar ta motsa leɓe. Faustina ta sunkuya.

"Ki ce masa... na bara ya fi daɗi. Rogon bana bai yi ba. Kar ya ji kunya."

Ba ta sake magana ba. Ta cika kafin la'asar.

Labarin mutuwa ba ya buƙatar kwalekwale. Cikin rabin awa Faustina ta ji waƙa tana tahowa. Matan zumunta ne, su goma sha biyu, cikin zanensu iri ɗaya, Mama Angelina shugabarsu a gaba. Ɗaya tana ɗauke da baho, wata da sabulu da soso, wata da farin yadi. Shekara talatin Lai'atu tana cikinsu. Ita ta wanke iyayen wasunsu. Yau ranarta ce, kuma babu macen zumuntar da za ta yarda a ce ba ta sa hannu a jikinta ba.

Faustina ta tsaya a bakin ƙofa ta buɗe hannuwa ta dafa gefe biyu na ƙofar.

"Sannu, 'yata," in ji Mama Angelina. "Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa. Matsa mu yi mata abin da ya kamata."

"Ba za ku shiga ba."

Waƙar ta mutu daga baya zuwa gaba.

"Baƙin ciki ne," wata ta ce. "Ku kama ta a hankali."

"Hellen, kar ki taɓa ni. Ke da kike shayarwa, koma baya."

Mama Angelina ta ɗaure fuska. "Faustina, uwarki ba kaza ba ce da za a jefa rami haka nan. Mun wanke Bridget, mun shirya Samson. Me Lai'atu ta yi mana da za mu bar ta da datti ta je gaban Ubangijinta?"

Faustina ta dubi hannayensu. Hannaye ne masu kaushi, masu tsagar wuƙa da ƙunar murhu, duk a buɗe. Hannu ashirin da huɗu. Bayan kowane akwai gida, da tukunya, da yara. A ɗaya gefen kuma akwai mutum ɗaya, wanda ya saya mata takalmin makaranta na farko, wanda ta yi wa alkawari. Gobe ne ranar da ya ce. Amma bahon yau yake ƙofa.

Ta ɗaga hannuwanta sama, safar tana jikinsu, da ɗigon jini a yatsa.

"Kun san dalilin wannan? Lassa ce ta kashe Mama. Ita ta kashe Bridget, ita ta kashe Samson. Ɓerayen da ruwa ya koro mana ne suke kawo ta. Duk wadda ta wanke gawar nan tana iya bin ta."

Mai bahon ta sauke shi a hankali.

"Wa ya gaya miki?" in ji Mama Angelina.

"Broda Wilfred. Ripot ɗin yana durowarsa tun farkon wata."

"Shi ya sa ya mayar da garin," Hellen ta faɗa, kamar mai magana da kanta.

Mama Angelina ba ta ɗauke ido daga Faustina ba. "Ke kuma tun yaushe kika sani?"

"Kwana goma sha ɗaya."

Mama Angelina ta dube ta tun daga ɗankwali har ƙafa. Ba ta zage ta ba, da ma ta zaga da ya fi sauƙi. Ta juya ta karɓi farin yadin, ta ninke shi, ta ajiye a kan dutsen bakin ƙofa.

"Jikana yana kwance da zazzaɓi tun shekaranjiya," ta ce. "Da hannun nan nake share masa amai."

Ta wuce. Sauran suka tsaya nesa da ɗakin, a rana, suka ƙarasa waƙar daga can.

* * *

Faston cocinsu ne ya buga waya ga wani ɗan'uwansa ɗan jarida. Washegari da rana kwalekwale uku suka iso da mutane cikin fararen kaya har fuska. Suka fesa magani a ɗakin, suka sa Mama Lai'atu a jakar roba, suka binne ta da kansu a gefen tudu inda ƙasa ta ɗan yi laushi. Ba a yi mata wanka ba. 'Yarta ta tsaya taku talatin daga ramin.

An kwashe mutum tara zuwa asibiti. Bakwai sun dawo, har da jikan Mama Angelina, wanda ya dawo kunnensa ɗaya ba ya ji. Likita ya ce da an kawo su da wuri, maganin yana aiki sosai a kwanakin farko. Faustina ta yi mako uku a killace, ba ta kamu ba. Ta koma aji. Mata suna amsa gaisuwarta, amma ba a sake kiranta karatun Littafi a zumunta ba, ita ma ba ta tambaya ba.

An kafa kwamiti. Ogan ya rantse bai taɓa ganin wata takarda ba, kuma babu sa hannunsa a ko'ina. A durowar Wilfred aka same ta, da kwanan wata, da tambarin karɓa, da sunansa.

Bayan wata biyu ya zo bakin ruwa da furannin roba a leda. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Faustina ma tana nan gaɓar tana jiran a tsallaka da ita, ta dawo daga kasuwar Zonkwa. Ya gaishe ta, ta amsa. Ta faɗa masa saƙon uwarsu kalma da kalma, cewa na bara ya fi daɗi, kar ya ji kunya. Ya zauna a kan dutse ya rufe fuska da ledar.

Da layi ya zo kansa, Lawal ya sa sandar tuƙi ya tare gaban kwalekwalen.

"Ya cika, Oga."

Mutum huɗu ne a ciki, alhali yana ɗaukar goma sha biyu.

"Lawal, kabarin uwata zan gani."

"Dattawa sun ce duk jirgin da ya ɗauko ka kar ya sake tsayawa a gaɓarsu. Ni ma ko ba su ce ba." Ya ja igiyar inji. "Malama, shigo mu tafi."

Faustina ta shiga ta zauna tana fuskantar tudu. Ba ta waiwaya ba.

An kori Wilfred daga aiki, saura shekara biyu ya kai matsayin da ya yi shirun dominsa. Hanyar kwari ba ta sake fitowa daga ruwa ba. Har yau bai ga kabarin uwarsa ba.